INA YARANMU SU KE ZUWA BAYAN SUN BAR MAKARANTA?

Kowane malamin makaranta ya san adadin yaran da ke ajinsa, kowane akawu kuma ya san adadin takardun da ke kan teburinsa. Amma da za a tara mu a ce, "Yaran nan da suka fita daga makarantar garinku shekara goma da suka wuce, ina su ke yau, da me kuma su ke ci?" da mafi yawanmu sai mu ambaci biyu ko uku waɗanda suka yi suna, sauran kuwa mu yi shiru a kansu. Wannan tambaya ita ce tushen wani fanni na ilmi mai zaman kansa, watau binciken hanyoyin sana'a: yadda mutum ya ke shiga aiki, da yadda ya ke hawa ko ya sauka a cikinsa, da yadda ya ke barin wannan ya kama wancan, tun daga ƙuruciya har tsufa.

Mun zaɓi mu dubi maganar daga Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta ƙasar Haɗeja, domin wuraren da masana suka tattake a Arewa kamar fadamar nan kaɗan ne. A shekarar 2008 aka sa dausayin Baturiya, mai faɗin fiye da hekta 100,000, cikin jerin dausayoyin duniya masu daraja, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. An auna ruwan da ke malala kowace damina, an ƙidaya tsuntsayen da ke tahowa daga Turai da hunturu, an yi lissafin kifi da shinkafa da itace. Ɗan Adam da ke zaune bakin ruwan shi ne ba a bi sawunsa ba yadda ya kamata.

ASALIN WANNAN ILMI

A ƙasar Amurka aka fara shi. Wani malami, Frank Parsons, ya buɗe ofishin ba matasa shawara a kan zaɓen aiki a birnin Boston a 1908. Ƙa'idarsa uku ce: yaro ya san kansa, ya san ayyukan da ke akwai da sharuɗɗansu, sa'an nan ya yi tunani ya haɗa biyun. Cikin shekarun 1950 sai Donald Super ya ce zaɓen aiki ba abin rana ɗaya ba ne. Ya kasa rayuwar ma'aikaci mataki biyar: tasowa, da lalube, da kafuwa, da riƙo, da sauka. Don ya gwada maganarsa ya ɗauki waɗansu yara maza 'yan makaranta a jihar New York a 1951, ya bi su fiye da shekara 20. A 1959 kuma John Holland ya fito da nasa ra'ayi, wanda ya ƙare da kasa halayen mutane gida shida, kowane gida da irin aikin da ya dace da shi.

Turawan Ingila su ma sun yi abin a yaba. Sun rubuta sunayen jarirai kimanin 17,000 da aka haifa cikin mako guda na watan Maris 1958, suka riƙa komawa gare su bayan 'yan shekaru suna tambayar karatunsu da aikinsu da lafiyarsu, har jariran nan suka yi furfura. Da irin wannan haƙuri ne suka gane yadda halin gidan da aka haifi mutum ya ke bin sa har wurin aiki.

Amma fa a lura. Dukan waɗannan ƙa'idodi na farko an gina su ne a kan mutum mai aiki ɗaya da albashi ɗaya, wanda zai hau tsani daki-daki har ya kai ga fensho. Sai wajen 1996, da kamfanonin Turai da Amurka suka rage riƙe ma'aikaci har tsufansa, masanansu irin su Michael Arthur da Denise Rousseau suka shiga rubutu a kan sana'ar da ba ta da iyaka, suna ɗaukarta sabon abu. Mutumin Baturiya da zai ji wannan, murmushi zai yi, don kakansa ma haka ya rayu.

ABIN DA AKA BINCIKA A ƘASARMU

In mun waiwayi shekara saba'in da 'yan kai da suka wuce, za mu ga binciken ƙasar Hausa ya bi tafarki biyar, kowane da zamaninsa.

Na farko shi ne na gado. M. G. Smith ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya kuma nuna cikin rubuce-rubucensa na 1955 da 1959 cewa sana'a ita ce ma'aunin daraja a wurin Bahaushe, kuma an bambanta wanda ya gaji sana'a da wanda ya yi shigege cikinta. Ɗan maƙeri maƙeri ne, ɗan mahauci mahauci, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A wannan zama ne matarsa, Mary Smith, ta rubuta tarihin Baba ta Karo daga bakinta, aka buga shi a 1954. Har yau yana cikin ƙalilan ɗin littattafan da suka bi rayuwar Bahaushiya guda daga yarinta har tsufa.

Na biyu shi ne na manya. Masana sun bi tarihin ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, suka ga hanya ɗaya mafi yawansu suka bi: daga Elementare zuwa Midil, daga nan Kwaleji, sai koyarwa ko aikin En'e, sa'an nan majalisa. Sir Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934, ya zama Firimiya a 1954. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya koyar a Midil ta Bauci, ya zama Firayim Minista a 1957. C. S. Whitaker, cikin littafinsa na 1970, ya tattara tarihin wakilan Majalisar Arewa, ya nuna galibinsu ma'aikatan En'e ne ko masu dangantaka da sarauta.

Na uku yunwa ce ta kawo shi. Tun kafin farin 1972 zuwa 1974 Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa kusan kowane manomi yana da wata sana'a bayan noma, kuma sana'ar talaka daban ta ke da ta mai hali. Da farin ya auku sai Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi abin da ya fi kowane kusa da maganarmu. Ya ɗauki ƙauyen Dagaceri na Mangawa, a gundumar Birniwa cikin ƙasar Haɗejan nan, ya riƙa komawa daga 1974 har 1986, ya buga sakamakon a 1989. Ya ga yadda gida ya kan juya in hatsi ya ƙi: a koma saƙar kaba, a sayar da dabba, maza su fita cin rani ko fatauci kudu, in damina ta kyautata a komo gona. Da zuwa ɗaya ya yi, da bai ga ko ɗaya daga wannan juyi ba.

Na huɗu na ruwa ne. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, lokacinta kuma ya rikice. A 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru, masana suka yi ta zuwa. Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage sun yi lissafi a farkon shekarun 1990, suka nuna amfanin da a ke samu daga ruwan da aka bari ya malala fadama, in an haɗa noma da su da itace, ya ninka sau da yawa amfanin da a ke samu daga daidai wannan ruwa a noman rani na Kogin Kano. A 1993 aka buga babban littafi a kan dausayin, wanda Hollis da Adams da Aminu-Kano suka shirya. A 1997 kuma Eaton da Sarch suka auna darajar abin da jama'a ke samu daga daji, kamar goruba da kanwa da itacen wuta.

Na biyar shi ne wanda ya fi yawa a jami'o'inmu yanzu. Tun da manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta yi umurni da a riƙa ba yara shawara a kan zaɓen aiki, ɗaliban digiri suka ɗauki al'adar shiga makarantun sakandare da takardar tambayoyi: wane aiki ka ke so, wa ya sa ka son sa, iyaye ko abokai ko albashi? A tattara amsoshi, a yi lissafi, a ɗaure kundi, a ajiye.

INDA GIƁI YA KE

To, ga aiki mai yawa an yi, ina kuma abin da ya rage?

Babban giɓi shi ne rashin bin sawu. Takardar tambayoyin nan tana gaya mana burin yaro ne a ranar da aka tambaye shi. Yaro mai shekara 16 ya ce likita zai zama. Madalla. Amma wa ya koma bayan shekara goma ya ga ko ya zama likitan, ko yana tura kifi banda daga kasuwar Haɗeja zuwa kudu, ko yana haya da babur a wani birni? Buri abu ne mai sauƙin rubutawa, makoma ita ce mai wuyar nema, ita ce kuwa mai amfani. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da Bankin Duniya, ta fara bin gidaje kimanin 5,000 a faɗin Nijeriya a 2010, tana komawa gare su bayan 'yan shekaru. Aiki ne mai kyau ƙwarai, sai dai gida 5,000 in an watsa su cikin ƙasa mai jiha 36, rabon da zai faɗo wa fadamar Haɗeja bai isa a gina magana a kansa ba.

Giɓi na biyu yana cikin tambayar kanta. A kan ce wa mutum, "Mene ne sana'arka?" a bar masa layi ɗaya ya cika. Mu dubi magidanci a ƙasar Baturiya. Da damina yana noma gero a tudu, shinkafa a fadama. Da ruwa ya soma janyewa ya ɗauki koma da gora ya shiga su, ya kuma shuka wake a ƙasar da ruwan ya bari da laima. Da rani ya tada injin ban-ruwa ya yi tattasai ko albasa ko alkama, ranar kasuwa kuma ya yi dillanci. In an rubuta shi "manomi", an zubar da kashi mai yawa na abin da ya ke ci da shi. Mafi muhimmanci kuma, an rasa yadda sana'o'in nan su ke sauyawa cikin rayuwarsa. Cikin shekarun 1980 ƙananan injunan ban-ruwa suka yaɗu, a 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje, mutane da dama suka koma nomanta a fadama. Daga baya ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen janbaki masu cinye hatsi. Ambaliyar 2022 kuma ta yi ɓarna mai tsanani a ƙasar Haɗeja. Kowane ɗaya daga waɗannan ya fitar da waɗansu daga sana'ar iyayensu, ya jefa su wata. Masanan ruwa sun rubuta abin da ya sami kogin dalla-dalla. Abin da ya sami ɗan Sarkin Ruwa bayan kifi ya ragu, wannan bai sami marubuta kamar haka ba.

Giɓi na uku mata ne. Enid Schildkrout ta nuna a Kano cikin shekarun 1970 yadda matan kulle su ke gudanar da ciniki daga cikin gida ta hannun yara masu talla. Amma mafi yawan irin wannan bincike a birni aka yi shi. Matar fadama da ke turara shinkafa, da mai gyaran kifi, da mai saƙar tabarma, da Bafilatanar da ke kawo nono, kowace tana da hanyar da ta bi: daga talla zuwa jarin farko, daga adashi zuwa sayen akuya, daga akuya zuwa saniya. Aure da haihuwa da mutuwar aure su kan yanke hanyar, su kuma sake ƙulla ta. Ga kuma sabon ayari na 'yan mata da suka yi Kwalejin Ilmi ta Gumel ko makarantun aikin lafiya. Nawa ne suka sami aiki, nawa suka daɗe a ciki?

Giɓi na huɗu shi ne na waɗanda ba su bi ta boko ba. Paul Lubeck ya nuna a 1986 cewa da yawa daga ma'aikatan masana'antun Kano tsofaffin almajirai ne, Hannah Hoechner kuma ta rubuta a kan rayuwar almajirai a 2018. Tun 1969 Abner Cohen ya bayyana yadda yaron gida a Sabon Ibadan ya ke hawa cikin cinikin shanu da goro har ya zama maigida. Duk da haka, hanyar da yaron bakanike ko na tela ko na mai gyaran injin ban-ruwa ya ke bi a gari irin Haɗeja ko Malam Madori, shekara nawa ya ke yi a hannun maigidansa, da wane jari a ke sallamarsa, nawa ne su ke tsayawa da ƙafarsu, ba ta sami kulawar da ta cancanta ba. Alhali kuwa ta wannan ƙofa ce mafi yawan samarinmu su ke shiga sana'a.

Giɓi na biyar ya shafi masu karatunmu kai tsaye. An rubuta tarihin Firimiya da ministoci, amma malamin haraji fa, da malamin daji, da malamin asibiti, da akawun Baitulmali, da malamin Elementare da ya yi shekara talatin ana yi masa canji daga wannan ƙauye zuwa wancan? Su ne suka riƙe En'e ta Haɗeja tun bayan da Turawa suka ci garin a 1906, har gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya shafe tsarin. A shekarar 1976 ɗin kuma aka fara ilmin firamare kyauta ga kowa, aka ɗebi dubban matasa aikin koyarwa cikin gaggawa. Waɗansu sun ƙaro ilmi sun hau, waɗansu sun tsaya inda su ke, waɗansu sun bar alli sun kama kasuwa. Waɗanda suka rage da rai daga cikinsu dattawa ne yau, kullum kuwa raguwa su ke yi.

ME YA SA ABIN YA DAME MU?

Domin da wannan ilmi a ke tsara makaranta, da shi kuma a ke kasa kuɗin jama'a. Tun 1965 Philip Foster, bayan bincikensa a Gana, ya gargaɗi hukumomi cewa koyar da noma ko sassaƙa a makaranta ba shi ke sa yaro ya kama su ba. Yaro inda ya ga samu ya ke dubawa. Duk hukumar da za ta buɗe wurin koyon sana'a ba tare da ta san inda waɗanda suka gama na jiya suka ƙare ba, harbi ta ke yi cikin duhu.

Ga wani misali kuma. Hukumar Ƙididdiga ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki a Nijeriya sun kai kashi 33.3 cikin 100. Daga baya ta ce a farkon 2023 kashi 4.1 ne. Ba ayyuka aka samu da yawa haka ba, ma'auni ne aka sake, aka ce duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya cikin mako yana da aiki. Wannan ƙididdiga ta 2023 ta kuma nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba su cikin aikin ofis ko kamfani mai rajista. Watau tsanin nan da aka gina ƙa'idodin farko a kansa, mutum ɗaya cikin goma ma bai cika hawansa ba. Malamin da zai tsaya gaban aji a Kiri Kasamma ya nuna wa yara tsanin nan kaɗai, ya bar tara a tsaye ba jagora.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Yanzu ƙasar nan tana da manyan makarantu a kusa: Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja. Muna roƙon malamansu su rage aika ɗalibai da takardar "me ka ke so ka zama", su tura su neman waɗanda suka gama tun shekara goma ko ashirin. Abin da aka gano kuma a juya shi da Hausa, a komo da shi ga mutanen da aka tambaya, domin mafi yawan binciken fadamar nan da Turanci ya ke, a ɗakunan karatu masu nisa.

Amma kada mu zauna jiran jami'a. Kowane hedimasta yana da rajistar shiga makaranta. Ya sami littafi guda, ya rubuta sunayen 'yan ajin ƙarshe na bana, ya bar wa kowane suna shafi. Kowace shekara bayan kaka, sa'ad da mutane ke gida, ya tambayi iyaye da masu unguwa: yana ina, me ya ke yi da damina, me ya ke yi da rani, wa ya koya masa, wa ya ba shi jari? 'Yan mata ma a rubuta su daidai da maza, a kuma tsare sirrin kowa. In aka yi wa hedimasta canji ya damƙa littafin ga magajinsa kamar yadda ya ke damƙa makullin ofis. Da makaranta ashirin za su yi haka shekara goma, da ƙasar Haɗeja ta mallaki sanin da hukuma za ta zo nema da kanta.

Akawuna kuma, amanarku ta fi nauyi. Fayilolin tsofaffin ma'aikata da littattafan albashi da na haraji da ke jibge a ɗakunan ajiya, su ne tarihin hanyar da iyayenmu suka bi, gara da yoyo kuwa ba su san darajarsu ba. A ɗaga su daga ƙasa, a jera su, a rubuta abin da ke ciki, waɗanda suka tsufa kuma a nemi shawarar Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Kaduna a kansu. Wanda kuma ya ke da tsohon malamin En'e ko tsohon malamin makaranta a unguwarsu, ya je ya gaishe shi, ya nemi izninsa, ya rubuta labarin aikinsa daga ranar da aka ɗauke shi har ranar da ya ajiye.

Waiwaye adon tafiya ne, in ji masu iya magana. Wanda ya san inda na gaba suka bi, da inda suka yi tuntuɓe, shi ne zai iya nuna wa na baya hanya. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka cikin sana'ar kowa, amin.